Jawabin bikin cikar shekara: maganar "ba zan iya ba"

 

Akwai wata kalma da ta fi ƙarancin jari cutar da wannan ƙungiya tamu ta Karofi, ita ce "ni dai ba zan iya ba". Mace za ta ƙirga cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ka, ko naira ɗaya ba ta ɓace mata, amma da an miƙa mata biro da littafin zubi sai ta janye hannu. To, ranar da sakatariya ta haihu ko ta tafi Dutsin-Ma asibiti fa? Ko dai zubi ya tsaya, ko mu kira yaron wani ya rubuta mana, sirrin bashinmu ya zaga gari kafin magariba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Bandura, ya yi rubutu a kan wannan a 1977. Ya nuna cewa wanda ya yarda zai iya abu shi ke fara shi, kuma shi ke daurewa in ya yi tuntuɓe. Daga ina yardar ke zuwa? Mafi ƙarfinta daga yin aikin da hannunki ne, ko da ƙarami ne, ki ga ya yiwu. Sai kuma ganin wata irinki ta yi. Kirarin "ai za ki iya" yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya kai mutum nesa, mu kuwa a nan muka fi ƙwarewa!

Ga maƙwabtanmu nan na jihar Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara da matan ƙauye, yawancinsu ba su yi boko ba. Su ke tara kuɗinsu, su ke ba juna rance. Yau ana kwaikwayon tsarin a ƙasashen Afirka da dama. Hausa suke ji kamar mu, gero suke dakawa kamar mu.

Don haka daga zubin mako mai zuwa, kullum mace ɗaya za ta zauna kusa da sakatariya ta rubuta suna uku kacal da kuɗinsu. In ta yi kuskure a gyara a hankali, ba dariya, don Allah. In gabanki ya faɗi, ba komai, kowa da haka ta fara. Wadda ke son zama ta farko ta ga sakatariya bayan an yi addu'a.