Goronyo da Gulbin Rima: Tarihin Fari da Ambaliya



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne tarihin bala'o'in yanayi a ƙaramin gari. Mun zaɓi Goronyo, wadda ke gefen Gulbin Rima, arewa maso gabas da birnin Sakkwato. Dalilinmu kuwa shi ne, a nan ne ake ganin fuskokin masifar guda biyu a wuri ɗaya, watau ƙarancin ruwa da kuma yawansa.

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san gulbin kansa. Rima ba ta da ruwan kanta. Gagare da Bunsuru suna kawo mata ruwa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa cikinta. Saboda haka ana iya kwana a Goronyo ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba, a wayi gari gulbi ya cika ya batse. Damina gajera ce, wata huɗu ko ƙasa da haka, kuma mafi yawan ruwan a watan Agusta yake sauka. Fadamar da ke ba mutanen gari shinkafa da albasa da tafarnuwa, ita ce kuma hanyar ruwa in ya yi fushi.

Abin da kakanninmu suka fi tsoro shi ne fari. Daminar 1913 ta gaza a ƙasar Hausa baki ɗaya, aka shiga yunwar 1914 wadda ake kira Kakalaba a wurare da dama. Mutane sun ci abin da ba a ci, sun watse uwa duniya, alhali kuwa Turawan mulki ba su daina karɓar haraji ba. Aka sake shiga wani babban fari daga 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa, ya koro makiyaya daga Nijar zuwa kudu. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga farin 1983 da 1984, ga kuma ciwon bushiya yana kashe shanu.

Ita ma ambaliya tsohuwar baƙuwa ce a wannan kwari. A shekarar 1945 ruwa ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, har Faransawa suka tashi garin suka mai da shi kan tudu, inda yake har yanzu. Ruwan da ya yi wannan ɓarna, ta gaban Goronyo ya wuce. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wahalar shekarun fari ce ta ƙara wa gwamnati himmar tare ruwa. Aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Aka kuma gina ta Goronyo a kan Rima, aka gama a 1984, aka buɗe ta a 1992. An tsara ta ne ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cikin akwati, domin noman rani, da rage ƙarfin ambaliya, da shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ita ke kula da ita.

To, jama'a, a daminar 2010 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ta cika maƙil. A farkon watan Satumba aka buɗe ƙofofinta don kada ta fashe, bayan 'yan kwanaki kuma mafitar rarar ruwa ta karye. Ruwa ya mamaye ƙauyuka da gonakin da ake dab da girbewa, ya rushe gidajen ƙasa da rumbuna, mutane fiye da dubu 100 suka rasa matsuguni a Jihar Sakkwato. Har gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birni sai da ya tafi da ita, karatu ya tsaya.

Bayan shekara takwas kacal, watau a 2018, sai labari ya juye. Ruwan madatsar ya ƙafe har ya koma kamar kashi 10 daga cikin 100 na abin da take riƙewa, manoman rani suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi, ruwan famfo ya yi wuya a Sakkwato. Dalilan da mahukunta suka bayar su ne ƙarancin ruwan daminar 2017, da kuma yashi da laka da suka taru a cikinta shekara da shekaru.

A nan muke so ku dakata ku yi nazari. Idan aka sare itatuwa a tudu, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi ya nutse, sai ya kwashi ƙasa ya zuba a gulbi, gulbi kuma ya kai ta madatsa. Randar da rabinta yashi ne, da wuri take cika, da wuri kuma take ƙarewa. Ashe ke nan ciwo ɗaya ne ya tsananta ambaliya da fari duka. Bugu da ƙari, wani bincike da masana suka buga a 2017 ya nuna cewa hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da a da yake sauka sannu a hankali, yanzu yakan zubo cikin 'yan sa'o'i.

Mun yarda ruwa da fari daga Allah suke, ba mai ja da wannan. Amma yashe madatsa, da buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan tun ruwa bai kai wuya ba, da sanar da mutanen fadama kafin a saki ruwa, duk ayyukan ɗan Adam ne, kuma a kansu za a tambaye mu. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, ana kuma bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin hatsarin ambaliya. Sai dai mece ce ranar gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a ofis, bai kai kunnen mai unguwa da sarkin ruwa da limamin ƙauye ba?

'Yan'uwa, gobe mu ne injiniyoyi, mu ne malaman gona, mu ne sakatarorin ƙananan hukumomi. Saboda haka muna kawo shawara uku. Ta farko, duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuta sunayen shekarun yunwa da iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, tun masu sanin ba su ƙare ba. Ta biyu, mu nemi a kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun garuruwanmu, a riƙa rubuta awon kullum. Ta uku, mu ɗauki nauyin mai da gargaɗin hukuma zuwa Hausa, mu kai shi kasuwa da masallaci da gidan rediyo tun damina ba ta faɗi ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa da na rashinsa.