Sarewa da Fiyano: Sonatar Mel Bonis ta 1904 da Busar Makiyayan Ƙasar Kazaure



A 1904 aka wallafa wani kiɗa a birnin Faris wanda wata Bafaranshiya, Mélanie Bonis, ta tsara wa sarewar Turawa da fiyano. Dogon kiɗa ne marar waƙa, mai babi huɗu, irin wanda ake kira sonata. Bonis ta yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Faris zamani ɗaya da mai tsara kiɗa Debussy, sai iyayenta suka cire ta, suka aurar da ita a 1883 ga wani attajiri da ya girme ta nesa ba kusa ba. Daga baya ta koma ga kiɗa. A kan ayyukanta, Mel take sa wa a madadin cikakken sunanta don kada a gane mace ce. Sonatar kuwa ta sadaukar da ita ga gwanin busa Louis Fleury.

Duk wanda ya saurara zai ji cewa fiyano a nan ba ɗan amshi ba ne. Sarewa ta ɗauko zance, fiyano ya karɓe ya juya shi, ya mayar mata. To, amma wa ya sassauto har jituwar ta yiwu? Sarewa ce. A 1847 Theobald Boehm na birnin Munich ya sake mata fasali: bututun ƙarfe, ramuka a inda lissafin sauti ya nuna, da maɓallan toshe ramukan da yatsa ba ya kaiwa. Da haka ta iya taka matakan sauti goma sha biyun da fiyano yake da su, ba kuskure. Paul Taffanel ya koyar da busa wannan sarewa a Faris daga 1893, kuma Fleury almajirinsa ne, haka ma Philippe Gaubert, wanda shi ma ya tsara sonata a 1917.

Sarewar makiyayi a dajin Roni ko Gwiwa, ko a burtalin Babura wajen iyakar Nijar, ba ta bi ta wannan hanya ba. Ramukanta kaɗan ne, kuma mai ita ne ya huda su daidai da kunnensa. Daɗinta yana cikin hucin numfashi da sautin da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Shi ya sa muryar sarewa da ake latsowa daga fiyano a situdiyon Kano ba ta gamsar da wanda ya taso a ruga, ko da matasa sun yi rawa da ita.

A ganina, mai son haɗa sarewa da fiyano a nan ya bar sarewa yadda take. Akwai fiyanon lantarki da ake iya sauya wa saiti, kuma makaɗan Larabawa sun daɗe suna amfani da shi don ya dace da kiɗansu. Aikin farko shi ne a bi masu busar rugage a naɗi busarsu, da izininsu da kuma ladansu, a auna matakan sautin kowannensu, sannan a saita fiyanon a kansu.