Ɗan Majalisar Jiha da Makarantar Unguwa: Wayar da Kai ga Jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi

Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da mambobi 40 da ake zaɓa duk bayan shekara 4, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wakilin mazaɓar Tarauni, wadda ta ƙunshi Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku da sauran mazaɓu. Mutane da dama suna auna wakilin da buhun shinkafar azumi ko kuɗin asibitin da ya biya wa wani, alhali Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora masa ayyuka uku da suka shafi kowane aji a unguwa: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bibiyar yadda aka kashe shi.

Doka takan fara ne a matsayin ƙudiri, wato daftarin da gwamna ko ɗan majalisa ya gabatar, a yi masa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, sannan a yi karatu na uku kafin a kai wa gwamna, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na mambobi za su iya zartar da shi. A matakin kwamiti ake yin zaman jin ra'ayin jama'a, kuma a nan ne iyaye da malamai suke da damar shigar da bukatunsu a rubuce.

Dokokin ilimi ba su yi ƙaranci ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Kano ta yi tata dokar ta ilimi kyauta kuma dole a 2020, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Inda gizo yake saƙar shi ne tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki, domin ana iya amincewa da kuɗin gyaran makaranta, shekara ta ƙare yara suna zaune a ƙasa, kwano yana yoyo, malami guda yana fama da ajin da ya cika har bakin ƙofa. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin sun ba majalisa ikon bincike da gayyatar jami'ai, ciki har da kwamishinan ilimi da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su yi bayani.

Saboda haka abin da ya kamaci kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne su ƙidaya azuzuwa da kujeru da malamai da makewayi, su rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, su kai wa wakilinsu kafin gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, su kuma riƙe kwafi. Bayan an sa hannu a kasafin, sai a tambayi wakilin ko sunan makarantar ya shiga, nawa aka ware, nawa aka saki, kuma wa aka ba kwangilar. Amsar da ya bayar ita ce ma'aunin da masu zaɓe za su riƙe ranar da ya dawo neman ƙuri'a.