Ilimi a Gidan Yari: Da Wane Ma'auni Za Mu Gane Amfaninsa?



Kowannenmu ya san wani ɗan garinmu da ya tafi birni neman abinci, ƙaddara ta kai shi gidan yari. Komai daren daɗewa mafi yawansu za su fito, kuma wurinmu za su dawo. Saboda haka abin da ake koya musu a can ya shafe mu.

A shekarar 2019 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta Nijeriya zuwa Hukumar Gyaran Hali. Tun kafin nan jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ta buɗe cibiyoyi a gidajen yari irin su Kirikiri a Legas da Kuje a Abuja, inda fursunoni ke neman digiri kyauta. A 2018 hukumar UNESCO ta ba wannan shiri lambar yabo. Ban da karatun boko, ana koyar da ɗinki da kafinta da walda.

To, shin wannan ilimi yana gyara hali? Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta bayyana a 2013 cewa, a gidajen yarin ƙasar, yiwuwar sake komawa ɗauri ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu. Ta kuma ce kowace dala 1 da aka kashe wajen koyarwa tana rage dala 4 zuwa 5 na kuɗin ɗauri cikin shekaru uku na farko bayan saki.

Sai dai kada mu ɗauki wannan lissafi mu ɗora wa ƙasarmu kai tsaye. A Nijeriya kusan kashi biyu bisa uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi, kuma da wuya mutumin da bai san ranar fitarsa ba ya natsu ga karatun shekara huɗu. Sannan yawan takardun shaida bai isa ma'auni ba. Ma'auni na gaskiya shi ne halin da mutum yake ciki shekaru bayan sakinsa: ya sami aiki? Danginsa sun karɓe shi? Ya sake komawa?

Amsar waɗannan tambayoyi tana hannunmu. Wanda ya koyi ɗinki amma ya rasa keke, jama'a kuma suka ƙyamace shi, iliminsa ya tashi a banza. Don haka muna ba ƙungiya shawara ta kafa kwamitin da zai riƙa ziyartar 'ya'yanmu da ke tsare, ya nema musu lauya, ya saya wa waɗanda suka fito kayan sana'a, ya kuma kawo rahoton halin da suke ciki a kowane taron shekara. Masu shaguna da kamfanoni a cikinmu su ɗauke su aiki, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.