Raket Ɗin Kashe Sauro Da Ruwan Bakolori



Mu 'ya'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun mun tashi ne a gefen ruwan Bakolori, madatsar da aka kammala a 1978. Ta ba mu shinkafa da noman rani, amma ruwan da ke kwanciya a magudanai da gonaki ya zama matattarar sauro, har da rani.

Yanzu ga raket ɗin kashe sauro ya shigo gidajenmu. Batiri ne a mariƙinsa, ana yi masa caji, wutar ta bi ragar waya, sauron da ya taɓa ta sai ka ji tas! Babu hayaƙi. Sai dai a nisanta shi daga fetur, da ruwa, da hannun yara, da ɗakin da aka fesa wa maganin sauro.

To, amma kada ƙararsa ta ruɗe mu. Macen sauron da ke yaɗa zazzaɓi cikin dare take cizo, sa'ad da mai raket ya yi barci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a Nijeriya suke.

Saboda haka, idan mun koma gida hutu, mu faɗa wa iyayenmu: raket da magariba, gidan sauro da dare, a yashe magudanai, yaro mai zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti a gwada jininsa. In ba haka ba, mun kashe maciji ne ba mu sare kansa ba.