WA KE LEƘA ƊAKIN DA AKA KULLE YARO?

Wannan jawabi ne da Malam ya gabatar ga matasa a garin Danchadi bayan sallar Isha'i, inda 'yan uwa daga Bodinga da Shagari suka halarta.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (S), Malam ya fara da tuna wa 'yan uwa ranar Juma'a 1 ga Nuwamba, 2024, ranar da aka gurfanar da wasu yara gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa. An kamo su ne a lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, akasarinsu daga Kano da Kaduna. Kusan wata uku suna tsare, sun rame sun ƙanjame, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. 'Yan sanda suka ce wai shiri ne. Sai da hotuna suka zagaya duniya sannan Shugaba Tinubu ya ba da umurnin a sake su.

Malam ya ce, to, a tsawon waɗannan watanni wa ya leƙa su? Ya ce ba rashin doka ba ne. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don ganin waɗanda ake tsare da su. Akwai dokar haƙƙin yara ta 2003, jihar Sakkwato ma ta yi tata ta kare yara a 2021. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995. Takardu dai ga su nan jibge, amma yaro na kwana da yunwa a bayan kanta.

Daga nan ya shiga muhawarar da ake yi. Wasu na cewa hukumar da ke riƙe da gidajen gyaran halin yara, irin na Kakuri a Kaduna, ta isa ta binciki kanta. Wasu kuwa na cewa sai an samu masu sa ido waɗanda ba su cin albashi a hannun mai riƙe da makulli, su shiga ba tare da sanarwa ba, su gana da yaro ba gandiroba a kansa, su faɗa wa jama'a abin da suka gani. Malam ya ce shi yana tare da na biyun, don ba a ba kura ajiyar nama. Mai ziyarar da aka san ranar zuwansa, in ji shi, share tsakar gida kawai ake yi masa.

Ya ƙara da cewa kada wani ya ɗauka wannan tunanin Turawa ne. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a Kitabul Kharaj cewa a ciyar da 'yan kurkuku daga baitulmali, a tufatar da su rani da ɗari, a damƙa kuɗin abincinsu hannun mutumin kirki amintacce maimakon masu gadi, a kuma riƙa duba lamarinsu a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sallame shi. Wannan fa manya ake magana. Ina ga yaron da shari'a ta ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga? Ya tuna musu cewa nan kusa, a Sifawa, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, ƙaninsa Abdullahi kuma a Bodinga, kuma zaluncin masu mulki a kan talaka na cikin abin da suka yaƙa.

A nan ne Malam ya juyo kan jama'ar kansu, wurin kuma ya yi tsit. Ya ce a watan Satumba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane kusan 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata na gaba aka ga irinsa a Daura da Katsina. Ya ce iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, saboda shaye-shaye ko sata ko rashin ji, har da biyan kuɗi, kuma da sunan addini aka yi abin.  Wanda ya ce a binciki gidan gwamnati amma kada a taɓa gidan malam, in ji shi, ba adalci yake nema ba, ɓangare yake karewa. Malamin da ke gyara don Allah ba zai ji tsoron a buɗe ƙofarsa ba.

Ya hori matasa da cewa duk wanda aka kama ƙaninsa ko ɗan maƙwabcinsa, ya rubuta sunan yaron da shekarunsa da ranar kamun da inda aka kai shi, ya sanar da liman da mai unguwa a ranar, a je a gan shi ido da ido, kada a yarda a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya. In kwanaki suka wuce ba a kai shi kotu ba, a nemi lauya, ko a kai ƙara ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Sakkwato.

Wani ɗan uwa ya tambaya ko ya halatta a sa wa kangararren yaro mari idan iyayensa suka amince. Malam ya ce yaro amana ne a hannun uba, ba dukiyarsa ba ce, yardar uba kuma ba ta halatta cutarwa. Aka rufe da addu'a.