Kunne Kafin Kyamara: Sauraron Rubutun Fim Kafin A Fita Ɗauka



Rubutun fim don baki aka yi shi, kuma kunne ne alƙalinsa. Shi ya sa a Hollywood, kafin a kunna kyamara, ake tara 'yan wasa a kan teburi ɗaya, kowa da takardarsa, su karanta labarin daga farko har ƙarshe, marubuci na gefe da biro yana saurare. A nan ake gane maganar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, da barkwancin da bai ba kowa dariya ba.

Wannan zama yanzu ya shiga kwamfuta da intanet. Manhajar Final Draft, wadda marubutan Amurka da yawa ke aiki da ita, tana ba marubuci damar raba wa taurarin labarinsa muryoyin na'ura, ya zauna ya ji suna magana. Kamfanoni irin su ElevenLabs, wanda aka kafa a 2022, sun kai ga muryoyin da suka yi kusa da ta ɗan Adam. Ta ɓangaren mutane kuma, dandalin The Black List na Franklin Leonard ya riƙa ɗaukar ƙwararrun 'yan wasa suna karanta rubutun da ba a riga an yi fim ɗinsa ba. Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, sai karatun ya koma Zoom, har 'yan wasa irin su Brad Pitt da Jennifer Aniston suka karanta rubutun fim ɗin Fast Times at Ridgemont High don tara kuɗin agaji.

Amfanin na'ura a fili yake. Ba ta gajiya, ba ta neman kuɗin mota, ba ta kuma jin nauyinka. Idan ka maimaita zance sau uku, sau uku za ta faɗa maka shi. A ƙa'idar sana'ar, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim, to da ka saurara za ka ji inda labari ya tsaya cik.

Sai dai ga iyakarta. A ce ka rubuta uwar miji tana cewa, "To, Allah ya kyauta." Na'ura za ta karanta ta wuce. 'Yar wasan da ta san aikinta kuwa za ta tsaya ta tambaye ka: addu'a ce, ko habaici take yi wa surukarta? Wata ma ta ce maka, "Malam, tsohuwa ba ta magana haka." Wannan gyara ba ya fitowa sai daga wanda ya zauna cikin mutane.

Mu Hausawa muna da ƙarin matsala. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka na'ura sai dai ta yi canke tsakanin garin da ake zama da garin tuwo. Muryar da ba a horar da ita da Hausa mai yawa ba za ta ɓata maka jimla mai kyau, ka goge abin da bai kamata ka goge ba.

Akwai kuma haƙƙin mai murya. Yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta yi a 2023, ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne kada a kwaikwayi murya ko siffar ɗan wasa ba da izininsa da biyansa ba. Ya kamata Kannywood ta fara wannan magana tun yanzu, kafin ta zo mana a makare.

Shawarata ga marubuta ita ce, ku saurari rubutunku da na'ura tukuna, ku share maimaici da surutu. Ga furodusoshi kuma, ku ware yini guda a kasafin kowane fim, ku tara 'yan wasa su karanta a gaban marubuci da darakta, ko a ofis ko ta waya, ku kuma biya su. Gyara a takarda kuɗin biro ne, gyara a lokeshin kuwa kuɗin kyamara da janareta da abincin mutum talatin.